Suleja Da Ƙauyukan Bayanta: Kafin Ka Kwashe Iyali Daga Birni

Idan ka baro Zuba ka nufi arewa, Dutsen Zuma ne zai fara tarbarka, wancan da ke jikin takardar naira 100. Ka ɗan gota ka shiga Madalla, kuma daga nan har cikin Suleja da ƙyar za ka ga fili: shaguna, gidajen haya, 'yan acaɓa, da motocin da ke jidar ma'aikata zuwa Abuja tun kafin a sallame sallar asuba.

Wannan garin shi ne Abuja ta asali. Zage-zagin da suka baro Zariya tare da Sarki Makau lokacin jihadi ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗan'uwansa Abu Ja, a 1828. Da aka ƙirƙiri sabon babban birnin tarayya a 1976 sai aka ɗauki sunan, garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin yake karɓar duk wanda Abuja ta fi ƙarfinsa. Rusau ɗin da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya turo jama'a da dama nan, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya sa kuɗin mota ya fara cinye albashi. Yanzu ita ma Suleja ta fara fin ƙarfin wasu. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma sha, ga tsohuwa a ɗaki, shi ne za ka ji yana cigiyar fili can wajen Maje, ko hanyar Dikko da Lambata, inda zai yi gini ya kuma samu gona.

Ka bi hanyar da damina ka ga abin da ke jan hankalinsu. Ƙasar Gwarawa ce mai albarka: kunyoyin doya jere reras, masara, dawa, rogo, ga rafuka ko'ina. Yara su samu wurin wasa, uwargida ta yi kiwon kaji da awaki, babu mai gidan haya da zai buga ƙofa ƙarshen shekara. Ni dai ban ga laifin wanda ya zaɓi haka ba.

Sai dai in akwai mara lafiya a gidanka, ka auna nisan wurin da ƙarfe biyun dare, a watan Agusta, ana tsuga ruwa. Hanyar da babur ke yi cikin minti ashirin da rani tana iya yankewa ɗungurungum idan rafi ya kawo. A cikin Suleja ma ambaliyar watan Yulin 2017 ta ci rayuka da gidaje, balle ƙauyen da ba gada. Babban asibitin gwamnati yana cikin gari, idan abu ya yi tsanani kuma sai asibitin koyarwa na Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Don haka kafin ka biya kuɗin fili, ka san wa ke da mota a unguwar, ka ajiye lambarsa, ka kuma leƙa ƙaramin asibitin da ke kusa ka tambaya ko ma'aikaci na kwana.

Yaro mai sikila shi ya fi jin canjin wuri. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara, kuma abubuwan da ke tayar da shi duk suna jira a ƙauye: sauro, dukan ruwan sama, sanyin asuba, ƙishirwa a gona. Kada a tura shi ɗiban ruwa rafi da sassafe don kawai sa'o'insa sun tafi. Ya kwana cikin gidan sauro, ya yawaita shan ruwa, kada maganinsa na kullum ya yanke. Zazzaɓi a jikinsa na asibiti ne a ranar, ba a jira gobe. Haka in ya ɗashe farat ɗaya, ko numfashi ya gagara, ko hannu ko ƙafa ta mutu. Kuma tunda gidan yawa ba ya rabo da maganar aure, 'yan'uwansa su yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa: AS da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

Ita kuwa Hajiya mai hawan jini ko ciwon suga, matsalarta yankewar magani ce. A gari kemis na bakin layi, a ƙauye sai a ce a bari sai ran kasuwa. Ka sayo na wata guda, ka sake sayowa tun saura mako. Na'urar awon jini ta gida kuwa, ɗan sakandare ma zai iya koyon aiki da ita, ya riƙa rubutawa a littafi don likita ya gani.

In allurar insulin take yi, ga abin da ƙasar nan ta gada. A garin nan Ladi Kwali, wadda ke bayan naira 20, ta yi suna a cibiyar tukwane da Michael Cardew ya buɗe farkon shekarun 1950, kuma har gobe matan Gwari na ginin tukwane. Ƙaramar tukunya cikin babba, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa, tana sanyaya kwalbar da aka buɗe inda babu firiji. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe. A rubuta ranar da aka buɗe kwalbar, kada ta wuce mako huɗu, kuma kada ruwa ya taɓa bakinta.

Abu guda da ake yawan mantawa shi ne mai jinyar. A gari maƙwabta da dangi na shigowa su karɓe ta, a sabon wuri kuwa sai nauyin ya faɗa kan 'ya mace ɗaya, har a cire ta daga makaranta. Ku zauna ku raba kwanakin tun kafin motar kaya ta iso, samarin gidan ma a sa su a lissafi.