Ajamin Yahudawa a Kambirij

Yayyafi ne ya raka ni daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar babban ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij. Abin da ya taso ni tun daga Tambuwal shi ne takardun Geniza, gutsattsari wajen 193,000 da Solomon Schechter ya kwaso a 1897 daga wani ɗakin ajiya a majami'ar Ben Ezra da ke tsohuwar Alkahira. Yahudawan Masar ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, kamar yadda mu ma ba ma bari a taka ta. Sai su jefa ta ɗakin nan, shekara da shekaru.

Aka ajiye mini kundi a kan tebur, kowane yanki a lulluɓe cikin leda garau. Wani bai kai tafin hannu ba, gefensa duk ya zagwanye. Haruffan Ibrananci ne, ko ɗaya ban gane ba. Da wani ɗalibi ya karanto mini layi biyu a hankali, sai na ji Larabci tsantsa! Ashe ajami ne irin nasu. Mu mun ari haruffan Larabawa mun rubuta Hausa da Fillanci, su kuwa harshen suka ara, suka rubuta shi da haruffansu.

Ɗalibin yana nazarin Kissatu Mujadalatil Uskuf, littafin da ya kai shekara dubu, inda wani limamin Kirista da ya koma addinin Yahudu yake ƙalubalantar aƙidar Allah uku cikin ɗaya, yana kafa hujja da Linjila kanta. Maganganunsa akwai zafi. Daga baya an fassara shi zuwa Ibrananci, kuma a 1996 Daniel Lasker da Sarah Stroumsa suka harhaɗa shi suka buga. Abin da ya fi burge ni, masu wannan aiki ba su zo rama wa kowa ba. Mutum zai wuni a kan kalma ɗaya da tawadarta ta dushe, don kada ya ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba.

Nan na tuna gafakar kakana a Kebbe, wadda gara ta cinye rabin takardunta. Duk mai irinta a gida, don Allah ya ɗauke ta daga ƙasa kafin damina, ya nemo malami ya karanta, a ɗauki hoton kowane shafi.