Ƙyallen namu ne, kuɗin aikin fa?

Ku matso kusa, 'yan uwana, a turo ƙofa, maganar nan tamu ce mu kaɗai. Wace ce a cikinmu ba ta da wata jaka da ta cusa ƙarƙashin gado, cike da ragowar atamfa? Kar wadda ta sunkuyar da kai, duk mun san juna! Guntun GTP na bikin ƙanwa, yankin ATL na sunan ɗan maƙwabciya, ga wani ɗan ƙyallen Holan da aka kasa rabuwa da shi don Inna ce ta saya. Tela ya miƙo ɗinki, ko dubawa ba mu yi ba, tambayarmu ta farko ita ce, "Ina ragowar?" Hahaha, Allah ya shirye mu.

To, zama da Asantawa ya koya mana abin yi da su. Mun taso muna ganin asasaawa a Kejetia da Adum, wannan haɗe-haɗen ƙyallaye masu launi iri-iri da ake yin riga da jaka da shi, ga kenten Bonwire da ake saƙawa siri-siri a zo a haɗa ya zama zane guda. Sai mu ma muka ce bari mu haɗa namu ya zama bargon shimfiɗa. Ba wai sanyin Kumasi ya kai na Kano ba, hunturun namu na Disamba da Janairu bai wuce ya fasa mana leɓe ya tafi ba, amma gado ya yi kyau idan baƙuwa ta leƙo ɗaki, ai shi ma wani abu ne. Kuma akwai daɗi, wallahi, ki zauna bayan isha'i kina jera ƙyalle, kowanne ki ɗaga sai ki tuna wa ya yi rawa a bikin, wa ya yi fushi don ba a ba shi nama ba. Kai, duniya!

Daɗin yana ƙarewa ne ranar da fuskar bargon ta kammala. Saura shafi a baya, saura soso siriri ko auduga a tsakiya, saura ɗinkin da zai ratsa ukun ya riƙe su kada su zame a wanki. A nan 'yar Butterfly, keken ɗinkinmu na hannu, take cewa ita fa ba da ita ba. Tsakanin allura da jikin keken ɗan wuri ne, ki naɗe bargon ki tura, ya ƙi wucewa, allura ta karye, ƙasan ya tattare, gumi ya jiƙa ki. Dole a naɗe shi a hau pragya, mai ƙafa uku, a nufi Aboabo ko Asawase wurin mai babban keken lantarki.

Kun san yadda ake yi ai. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya ja awo, ya yi shiru, ya kalli rufin shago, sannan ya faɗi kuɗi. Ga shi har yau bakinmu bai saki tsohon lissafi ba, tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi amma sidi 100 miliyan ɗaya muke ce masa. Sai ki ji ya ambaci miliyoyi, gabanki ya faɗi, ki dafe ƙirji: "Haba Malam, ai ƙyallen nawa ne, ni na haɗa da hannuna!" Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai saboda ke ce ma." Saboda ni, wai! Wayyo cikina.

'Yan uwanmu na Bronx ma ba su tsira ba. A Amurka akwai masu wannan sana'a ita kaɗai, da wani keke mai dogon hannu da ke yawo a kan firam mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14, bargon yana miƙe, keken ne ke tafiya. Su ba a kallon rufi, da faɗin inci ake lissafi. Zane mai sauƙi da ke maimaita kansa daga gefe zuwa gefe yakan kama senti 2 zuwa 3 kowane inci murabba'i. Bargo mai inci 90 tsawo 90 faɗi ya zama inci 8,100 ke nan, wato dala 162 zuwa 243, ba a sa kuɗin auduga ba, ba shafi, ba naɗe baki. Idan kuma kowane ƙyalle kike so a yi masa nasa furen, kuɗin ya ninka. Ku juya shi zuwa sidi a zuci, a'a, kar wadda ta faɗa da ƙarfi, za a suma mana a nan!

Ni dai, tsakanina da ku, ba na ganin Malam ya cuce mu. Mitar wuta tana cin kuɗinsa tun allura ba ta taɓa ƙyalle ba, kuma wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2015, ya san kuɗin man janareta. Zare da allura da kayan gyaran keke daga waje ake shigo da su, su kuma dala suke bi. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100, shagon tela bai zauna a wata ƙasa dabam ba. Ga mai shago da ke son haya tun gaba, ga yaran da ke koyon aiki suna jiran kuɗin koko da ƙosai. Sannan, mu faɗi gaskiya tunda mu kaɗai ne, layukanmu ba duka suke miƙe ba. Wani gefen ya fi wani tsawo, wani ƙyallen ya sha wanki ya saki, wani sabo ne fil, shi zai zauna ya lallaɓa su su kwanta tare. Mazajenmu fa, idan suka kai shadda a yi mata aska takwas, nawa suke biyan mai aiki? Ko tari ba sa yi, sai ranar Idi ana ta baza hannun riga. Araha ba ta ado, su ma sun sani, hahaha!

Abin da ya rage mana dabara ce. Kada a kai aikin nan cikin azumi ko gab da Babbar Sallah, lokacin da tela ko gaisuwa da kyar yake amsawa. Mu sayo shafi da soso da kanmu a Kejetia, mu wanke fuskar bargon mu goge ta, mu yanke zaren da ke reto. A yi magana tun farko: layi miƙaƙƙe ne ko fure, naɗe bakin yana cikin kuɗin ko dabam yake. Rabin kuɗin ta MoMo, rabi sai ido ya gani, hannu ya shafa.

Kuma idan mu huɗu ko biyar muka kai namu tare, bakin ciniki ya fi ƙarfi, a zuba adashi kowa ta ɗauka bi da bi. Wadda ta san mai hannu mai kyau a Sabon Zongo ko Sawaba, don Allah kar ta ɓoye mana shi, ta raɗa mana kafin a tashi.