Kukan Kurciya da Ciwon Bege

A ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada, Zariya, akwai wata darbejiya da kurciyoyi kan sauka a kanta da tsakar rana. Da zarar sun fara kuka, sai kakata ta ajiye zogalen da take tsinka, ta yi tsit. Ran nan na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗan nan, ba kurciya nake ji ba, gonar ubana nake ji." Ban gane ba, har ta rasu.

Waɗanda suka warware mini maganarta suna can ƙasar Malesiya. Batek ƙaramar al'umma ce da ke rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itatuwa a dajin Taman Negara da kewayensa. Alice Rudge, mai nazarin rayuwar al'ummomi, ta zauna da su, ta yi rubutu a kan wata kalmarsu: ha'ip. Kewa ce mai gauraye da daɗi, ta wanda ya rasu ko ta wurin da aka baro. Kukan tsuntsu yakan tayar da ita, haka ma busar sarewar gora. Ba kuma su ɗauke ta da wasa ba, don a wurinsu idan ta yi yawa tana iya kwantar da mutum ciwo.

Mu ma muna da kalmar da ta yi kusa da ita: bege. A nan Zariya Aliyu Namangi ya gina Imfiraji a kan begen Manzon Allah. Sai dai a ganina mun killace kalmar a waƙar yabo da ta soyayya, mun fitar da tsuntsaye daga cikinta, alhali tsofaffinmu ba su jiran kalanda kafin su san damina ta ƙarato: ganin shamuwa ya ishe su.

Ana ta sare dazuzzukan da ke kewaye da Batek don katako da gonakin kwakwar manja, tsuntsun da ya tashi kuwa da nasa rabon tunanin yake tafiya. Darbejiyarmu ma an sare ta, shaguna uku ne a gurbinta, da janareta.

Makon jiya na ji kurciya a bakin Kubanni. Na tsaya cak a gefen titi, sai ga gidanmu da tabarmar zogale a idona, har sai da wani mai Keke Napep ya danna mini oda.