Ƙafar Tsohuwar Peugeot

Duk wanda ke riƙe da Peugeot 504 har yau, ya san haƙuri take so. A 1968 ta fito a Faransa, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, ta yi wa iyayenmu hidima shekara da shekaru. Shi ya sa raina yakan kwanta idan na ga bakanike ya zauna yana gyara rim ɗinta na alminiyum.

Aikin ba ya son gaggawa. Sai a cire taya, a kankare tsohon fenti, a bi gefen da ya gurje da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har yatsa ya wuce sumul. Kafin a fesa sabon fenti, a duba tsaga da kyau, domin alminiyum ya fi ƙarfe saurin tsagewa, fenti kuwa yakan rufe aibi.

Wajen ɗaurawa, notunan nan huɗu a ja su kaɗan-kaɗan, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, har rim ya zauna daram.

Ƙyalli yana faranta ido, amma rayukan mutane ƙafar nan take ɗauka. Mai gyara, ka tabbatar da lafiyarta kafin kyanta.