Doki Ne Ke Zaɓen Zango

A arewa maso yammacin jihar Montana ta Amurka akwai wani daji mai suna Bob Marshall, wanda faɗinsa ya ɗan haura eka miliyan ɗaya. Dokar da majalisar ƙasar ta zartar a 1964 ta hana shiga cikinsa da mota ko babur ko keke. Ko itace ne ya faɗi ya tare hanya, da zarton hannu ake yanke shi. Mai son kwana a tsakiyarsa ko dai ya taka sayyada, ko ya ɗaura sirdi.

Na yi 'yan kwanaki a can cikin ayarin dawaki da alfadarai, mun shiga ta mashigar Benchmark da ke yamma da garin Augusta. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda jagoranmu ke zaɓen wurin kwana. Mu baƙi idonmu na kan inda ya fi kyan gani. Shi kuwa sai ya gama lissafin dabbobi, ya yi na ƙasar da za su taka, sannan ya tuna da mu.

Ruwa ne farkon lissafi. Doki kan sha lita 20 zuwa 40 a yini, don haka dole a sauka kusa da ƙorama. Sai dai ƙa'idar da masu yawon daji ke bi ita ce a ja da baya kamar ƙafa 200 daga bakin ruwa. Kofato na rusa gaɓa mai laushi, kashin dabbobi na gangarawa cikin ruwan da kifi ke rayuwa, wanda kuma ayarin gobe zai sha. Shi ya sa ake jan dawaki zuwa mashaya mai tsakuwa, su sha, a dawo da su tudu.

Sai kiwo. Lokacin tsiro a waɗannan duwatsu gajere ne ƙwarai, fadamar da aka cinye ƙarƙaf ba ta farfaɗowa kafin ƙanƙara ta sake rufe ta. Mai hankali kan auna yawan dabbobinsa da faɗin ciyawar kafin ya sauke kaya. Abincin da aka taho da shi ma sai mai shaidar cewa babu irin muguwar ciyawa a ciki, domin ƙwayar iri kan ratsa cikin doki ta fito da ranta, ta tsiro a inda ba a san ta ba, ta danne ciyawar asali.

Ɗaurin dare ya fi ba ni mamaki. Mu mun saba da turke, kuma a daji itace ne turken da ya fi kusa. Amma dokin da ya kwana ɗaure a gindin itace zai yi ta tonon ƙasa har saiwa ta fito, igiya kuma ta ci ɓawo. Abin da ake yi shi ne a miƙa doguwar igiya tsakanin itatuwa biyu, sama da kan doki, a naɗe kowane itace da faffaɗan ɗamara, a ɗaure dabbobin a tsakiya a kan busasshiyar ƙasa mai tauri. Masu kiwo da maraice a yi musu dabaibayi. Wurin da babu irin waɗannan itatuwa, kome kyansa, wuce shi ake yi.

Akwai kuma mai gidan, wato beyar ɗin da ake kira girizili. Abincin mutane da hatsin dawaki duk ana rufe su a akwatin da ba ya iya fasawa, ko a rataye su ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin itace. Beyar da ya saba samun abinci a zango yakan ƙare da harsashi, saboda haka sakacin matafiyi ɗaya na iya zama ajalinsa.

Wurin da kowa ke marmarin kwana shi ne gindin wani dogon dutse da suke kira Katangar Sin, mai tsayin kusan mita 300. A nan ɗin ne hukuma ta hana kafa tanti, saboda ƙasar ba ta jure yawan masu sonta. Ta kuma ƙayyade ayari: mutum 15, dabba 35. Mahaya sun san cewa kowace fadama da aka lalata hujja ce ga masu son a taƙaita shigar dawaki. Wannan fargaba na cikin abin da ya sa wasunsu suka kafa ƙungiyar Back Country Horsemen a kwarin Flathead a 1973.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan lissafi. Madugun da ke jan fatake zuwa Gwanja sayen goro shi ma ruwa da kiwon jakuna yake dubawa kafin ya ce a sauka. Bambancin yana ga abin da ake bari a baya. Zangon kakanninmu ya yi ta girma har ya zama unguwa, ga shi nan a Kumasi da sunansa. A dajin Bob Marshall kuwa, kafin a ɗaura sirdi da safe sai an watsa kashin dawaki, an cike ramukan da kofato ya tona, an kashe wuta har toka ta huce, domin ayarin da zai biyo baya ya tarar da ciyawar da dabbobinsa za su ci.