Kangon Fada da Tulun Nama a Marakish

Baƙon da ya shiga Fadar Badi a birnin Marakish na ƙasar Maroko, abin da zai tarar shi ne ƙaton fili, da jan gini wanda rana da ruwa suka zaizaye, da shamuwoyi da suka yi sheƙa a kan katanga. Sai an ba shi labari zai yarda cewa a nan aka taɓa girke ɗaya daga cikin gine-gine mafi tsada a duniyar Musulmi.

Sarki Ahmad al-Mansur ne ya soma gininta a 1578, shekarar da Maroko ta murƙushe rundunar Fotugal. Kuɗin fansar fursunonin yaƙi suka ɗora harsashi, aka yi jigilar marmara daga Italiya. A 1591 kuma sojojinsa suka ƙetare Sahara suka karya daular Songai a Tondibi, zinariya ta yi ta kwarara arewa, har aka yi masa laƙabi da al-Zahabi, mai zinariya. Wanda ya zo daga Afirka ta Yamma bai kamata ya ratsa filin nan da idon ɗan yawon buɗe ido kawai ba, domin cikin waɗanda aka kawo birnin a ɗaure a 1594 har da Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda bai koma gida ba sai bayan rasuwar sarkin.

Fadar ba ta yi ƙarko ba. Kimanin ƙarni guda bayan haka, Maulai Isma'il ya sa aka kwashe marmararta da ƙofofinta zuwa Miknas, sabon birninsa. Kusa da nan akwai maƙabartar gidan sarautar Sa'adiyawa, inda al-Mansur yake kwance. Ita ta tsira ne saboda an toshe hanyar shigarta, ba a sake buɗe ta ba sai 1917. Fadar Bahiya ma, wadda waziri Ba Ahmad ya faɗaɗa, an wawushe kayanta da ya rasu a 1900.

Da yunwa ta taso, sai a nufi dandalin Jami'ul Fana, inda bayan magariba rumfunan abinci ke cika da hayaƙin gasasshen nama, ga miyar harira, ga shayin na'ana'a. Amma abincin da birnin ke tutiya da shi shi ne tanjiya. Akan zuba nama a dogon tulun ƙasa tare da tafarnuwa, da za'afaran, da lemun tsamin da aka daɗe da jiƙawa a gishiri, da tsohon man shanu. A rufe bakin tulun da takarda, a kai wa mai hura wutar gidan wanka na unguwa, shi kuma ya binne shi cikin toka mai zafi na sa'o'i da yawa, har nama ya saki ƙashi. Girkin maza ne, masu sana'ar hannu a kasuwa, waɗanda kan yi karo-karo su ci tare ran Juma'a.

Mai hikima zai ziyarci fadojin da sanyin safiya, ya yi odar tanjiyarsa tun da wuri, domin ba a dafa ta da gaggawa. Zinariyar Songai ta watse tuntuni, amma tokar gidan wanka har yau ba ta huce ba.