Ɓarawon cikin littafi ya fi waya riƙe yaro

Mu da muka taso a Sabon Ibadan, da labarin ɓarayi da 'yan sanda muka saba da karatu. Littafi ɗaya na James Hadley Chase sai ya zaga layi guda, ya dawo bango a yage. A makaranta kuma abokanmu Yarabawa suka haɗa mu da Lapade, tsohon ɗan sandan nan na littattafan Oladejo Okediji.

To amma ina namu na Hausa? Nan ne abin ya dame mu. Yau 'ya'yanmu suna jin Hausa a baki, amma miƙa wa yaro takarda, sai ka ga yana in'ina. Faɗa ba zai gyara wannan ba, wallahi mun gwada.

Abin da muka ga yana aiki shi ne labarin da zai hana shi barci. Ku nemi "Turmin Danya" na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan 'yan fasa-ƙwauri da cin hanci, da "Ƙarshen Alewa Ƙasa" na Bature Gagare, inda Mailoma ya tara gungun 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Duka sun fito a 1982. Na biyun akwai zubar da jini, na samari ne, ban da ƙanana.

Duk mai zuwa Kano ko Zariya, mu ba shi sautu. Bayan Isha'i a karanta babi ɗaya a tsakar gida, a tsaya daidai inda ya fi daɗi. Gobe da kansa yaron zai ɗauko littafin.